Daga Asisi Zuwa Zariya: Tarihin Rufi Biyu da Suka Rufta

Abuja birni ne da ba shi da tsohon bango. Wanda ya tsaya a tsakiyarsa zai hangi manyan ɗakunan ibada biyu suna fuskantar juna: Masallacin Ƙasa mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu, wanda aka gina a 1984, da kuma Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, wadda aka kammala a 2005. Ita wannan ta biyun kamfanin Gitto na mutanen Italiya ne ya yi aikinta, aka tayar da ita bisa salon tsofaffin majami'un Turai, da bakuna masu tsini da tagogin gilashi masu launi. Dukansu biyu abin kallo ne, sai dai da yawa daga cikin malamanmu na jami'a sun girme su. Saboda haka idan zance ya biyo ta kan tsofaffin wuraren ibada, irin waɗanda mutane kan yi takakkiya su je kallon adon bangonsu, hankalinmu kan tafi ƙasashen waje, musamman Italiya, sai ka ce mu ba mu taɓa mallakar irinsu ba.

Alhali kuwa mun mallaka, kuma a garin da masu sunan Abuja na asali suka baro, wato Zariya. A wannan maƙala za mu jera gine-gine biyu mu dube su: Majami'ar Waliyyi Faransis da ke Asisi a Italiya, da Masallacin Juma'a na birnin Zariya wanda Babban Gwani ya gina. Abubuwa biyu suka haɗa su. Na farko, an yi adon kowannensu a jikin ɗanyen yaɓe. Na biyu, kowannensu rufinsa ya rufta a kan mutane ranar Juma'a, ɗaya a 1997, ɗaya a 2023.

Majami'ar da ke kan tudu

Asisi ƙaramin gari ne a gefen wani tsauni a lardin Umbiriya da ke tsakiyar Italiya. A nan aka haifi Faransis, ɗan wani attajiri mai fataucin tufafi. Da ya kawo ƙarfi sai ya juya wa dukiyar mahaifinsa baya, ya rungumi talauci da yawon wa'azi, har ya kafa ɗariƙar ruhubanawa da ake kira da sunansa zuwa yau. Ya rasu a 1226. A watan Yuli na 1228 Paparoma Giregori na 9 ya ayyana shi cikin waliyyan Cocin Katolika, kashegari kuma ya aza harsashin majami'ar da za a binne shi a ciki. Ginin hawa biyu ne, majami'a a kan majami'a. Ta ƙasa mai gajeren rufi ce da duhu-duhu, kuma a ƙarƙashinta kabarin yake. Ta sama doguwa ce mai haske. An keɓe ginin domin ibada a 1253. Abin mamaki a nan shi ne mutumin da ya ƙi mallakar ko da kwabo shi aka gina wa ɗaya daga cikin ɗakunan da suka fi ado a Turai, kuma wasu daga cikin almajiransa na farko ba su ji daɗin hakan ba.

Abin da ke kai baƙi Asisi, baya ga masu ziyarar kabari, shi ne zane-zanen da suka rufe bangon tun daga ƙasa har rufi. Wajen 1280 wani gwanin zane mutumin Fulorans mai suna Cimabuwe ya ƙawata ɓangaren gaba na majami'ar sama. A ƙarshen ƙarni na 13 aka zana tarihin rayuwar Faransis kashi 28 a jikin doguwar farfajiyar, aikin da aka saba dangantawa ga Jotto, ko da yake har gobe masana na jayayya kan ko hannunsa ne. A majami'ar ƙasa kuma akwai aikin Simone Martini da Piyetiro Lorenzetti, mutanen birnin Siyena. Mai ziyara zai bi bangon kamar mai buɗe shafukan littafi: ga Faransis yana tuɓe tufafinsa yana mayar wa mahaifinsa a gaban jama'a, ga shi yana yi wa tsuntsaye wa'azi, ga shi kwance almajirai na kuka a kansa. Dalilin yin haka ba ɓoyayye ba ne. Yawancin masu shiga majami'a a wancan zamani ba su iya karatu ba. Tun wajen shekara ta 600 Paparoma Giregori na 1 ya rubuta wa bishop na Marsai cewa abin da rubutu ke yi wa mai karatu shi hoto ke yi wa wanda bai yi karatu ba. Bango ne allonsu.

Akwai zane guda cikin 28 ɗin nan da ya kamata mu ɗan tsaya a kansa. A 1219, lokacin yaƙin 'yan Salibiyya karo na biyar, Faransis ya tsallaka daga sansanin Kiristoci a Dimyaɗ ta ƙasar Masar ya shiga wurin Sarkin Musulmin Masar, Malikul Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin. Sarkin ya karɓe shi, ya saurare shi, ya sallame shi lami lafiya. Mai zanen ya nuna wuta tana ci a tsakiyar fada, Faransis yana neman a shiga cikinta domin a gane mai gaskiya, amma masana tarihi da dama na ganin wannan ƙari ne da marubutan baya suka yi. Ganawar kanta dai ta faru, kuma ta bar wa 'yan ɗariƙarsa sha'awar shiga ƙasashen Musulmi. Wannan sha'awa ce ta kawo biyu daga cikinsu har ƙasar Hausa bayan shekara kusan ɗari biyar. A 1710 Karlo Mariya mutumin Jenowa da abokinsa Seberino suka tashi daga Tarabulus, suka bi ta Fezzan da Agadas da nufin kaiwa ga wasu Kiristoci da aka ce suna kudu da Barno. Ba su kai ba. Ciwo ya kama su a Katsina, a can suka rasu a 1711. Ashe tsakanin Asisi da ƙasarmu akwai tsohuwar hanya, ko da yake turɓaya ta rufe ta.

Irin wannan zanen bango mutanen Italiya na kiransa firesko, ma'anar kalmar kuwa a harshensu ita ce ɗanye. Ga yadda ake yinsa. Ana toya farin dutse, a jiƙa shi, a bar shi ya daɗe a rami har ya zama wata irin farar ƙasa mai laushi, sa'annan a kwaɓa ta da yashi. Da farko a yi wa bango yaɓe mai kaushi, a bar shi ya bushe, a fitar da siffar zanen a kansa da jar ƙasa. Ranar da za a sa launi, da sassafe mai yaɓe zai shafa lallausan yaɓe daidai gwargwadon wurin da mai zane zai iya gamawa kafin dare, ba ƙari. Launin garin ƙasa ne da na duwatsu, a dama shi da ruwa zalla, ba a sa masa danƙo. Yayin da yaɓen ke bushewa yana shan iska, farar ƙasar kan koma dutse kamar yadda take tun asali, ta riƙe launin a cikin jikinta. Shi ya sa zanen kan yi shekara ɗari bakwai bai goge ba, domin ya zama bangon kansa. Sai dai aikin ba ya jira, kuma ba ya karɓar gyara. In mai zane ya kuskure, sai dai a kankare yaɓen a sake wani. Wannan rabo na aikin yini guda suna kiransa jornata, kuma wanda ya matsa kusa da bango zai ga gaɓar da aikin yau ya haɗu da na jiya, har masana kan ƙirga kwanakin da aka yi ana zana bango guda.

Ba kowane launi ne yake jure wa ɗanyar farar ƙasa ba. Shuɗi, alal misali, sau da yawa sai bango ya bushe ake shafa shi da ƙwai ko danƙo, kuma shi ne yakan fara ɓarewa. Cimabuwe kuwa ya yi amfani da wani farin launi da ake haɗawa daga dalma. Da shekaru suka tura sai farin ya rikiɗe ya koma baƙi, ta yadda a yau fuskokin da ya zana da haske su ne suka yi duhu. Gwani ma yakan yi zaɓen tumun dare wajen kayan aiki.

Zazzau biyu

Mu dawo gida. A shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, rundunar Malam Musa ta ci Zariya. Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, garin da kowane mai shigowa Abuja ta hanyar Kaduna yake ratsawa a yau. Bayan rasuwarsa a 1825 ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja, ya gaje shi, ya kuma kafa garin da ya ci sunansa a 1828. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi da Hausa tun tuni. Bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya, tsohon garin ya bar wa sabon birni sunansa, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. To, a daidai lokacin da Abu Ja yake kewaye sabon garinsa da ganuwa, a can garin da aka baro sababbin masu mulki suna neman abin da zai nuna cewa zamani ya sauya. Malam Musa ya rasu a 1821, Yamusa ya yi sarauta zuwa 1834, sai Abdulkarimu na gidan Katsinawa ya hau, ya yi mulki har 1846. A zamaninsa ne aka gina Masallacin Juma'a da ke fuskantar fada.

Wanda ya gina shi Malam Mika'ilu ne, wasu kuma suna kiransa Muhammadu Durugu, amma laƙabinsa ya danne sunayen duka biyu: Babban Gwani. Ba mu gaji takarda ko ɗaya daga hannunsa ba, domin maginin Hausa a ka yake riƙe da fasalin gininsa, a ƙasa yake shata shi da ƙafa. Abin da muka gada shi ne ruwayoyin baka, kuma su ma suna da abin da suke koyarwa. An ce da dare yake aiki, ma'aikata su tara masa kaya da rana, gari ya waye a tarar gini ya tashi. An danganta masa gine-gine a wasu masarautu, har a fadar Bauci akwai soron da ake kira da laƙabinsa. An kuma ce ƙarshensa a Birnin Gwari ne, inda bayan ya gama wani masallaci aka kashe shi domin kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari na gwanin da aka halaka saboda gwanintarsa ana ba da shi a ƙasashe da yawa, don haka ba za mu ɗauke shi a matsayin tabbataccen tarihi ba. Abin da yake nunawa shi ne yadda jama'a suka ɗauki aikin: abu ne da suka ga ya wuce hannun ɗan Adam na yau da kullum. Hamman Tukur Sa'ad, a binciken digirinsa na uku na 1981 kan ginin gargajiya a ƙasar Hausa, ya yi dogon bayani kan wannan matsayi na gwani a tsakanin magina. Zuriyar Babban Gwani ta ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Magina a Zazzau, akwai kuma unguwa a cikin birni mai ɗauke da sunansa.

Yadda masu bincike suka auna shi kafin a sauya masa kama, masallacin ba ɗaki guda ba ne. Akwai katanga da ta kewaye haraba, da zauruka na shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a, sa'annan babban ɗakin salla mai tulluwa shida. Kayan aikin duka na gida ne: ƙasa, ruwa, ciyawa, igiya da azara. Tubalin Hausa ba mai kusurwa huɗu ba ne. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya shi a rana, a jera shi kansa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, an fi son ta namijin, saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cin ta. Amma tana da iyaka. Idan tazarar da za ta tsallaka ta doshi mita biyu da nauyin ƙasa a kanta, sai ta fara lanƙwasa. Duk hikimar maginin Hausa amsa ce ga wannan tambaya guda: yaya za a rufe ɗaki mai faɗi da gajeren itace?

Amsar ita ce bakan gizo. Magini zai kafa azara a jikin ginshiƙi ta ɗan leƙo waje, ya ɗora wata a kanta ta zarce ta farko, ya ɗaure su tam da igiya, ya bi da ƙasa, ya jira ta sha iska, sa'annan ya ƙara wata. Haka zai yi ta yi daga wannan gefe da wancan, kowane ɓangare yana rusunowa kaɗan-kaɗan, har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki aka sami ɗaurin guga, sai a shimfiɗa gajerun azara a tsakankaninsu a ɗora tulluwa. Wannan dabara ba Babban Gwani ya ƙago ta ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. A ɗakin sallar Zariya bakunan suna tasowa tun daga kusa da ƙasa, su rabu, su haɗu, wasu daga ginshiƙi guda wasu daga tagwayen ginshiƙai, ta yadda kowace tulluwa da irin saƙar da ke ƙarƙashinta.

Adon kuwa, a nan ne muke ganin ya haɗu da na Asisi, a nan ne kuma suka rabu. Sun haɗu wajen lokaci, domin mai zayyana a bangon ƙasa shi ma da ɗanyen yaɓe yake tsere. Da yatsu da tafin hannu yake fitar da tudu da kwari tun ƙasar na da laushi, in ta bushe an gama magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sun rabu wajen abin da ake zanawa. Bangon Asisi labari yake bayarwa da surar mutane. Bangon Zariya ba shi da surar mai rai ko ɗaya, kuma ba ya ba da labari, domin a masallaci karatu da huɗuba ne suke ɗauke da wannan nauyi. Malaman Malikiyya ma sun karhanta ƙawata alƙibla da abin da zai shagaltar da mai salla, ga shi kuma an yi ginin ne a zamanin almajiran Shehu, waɗanda ba su da sha'awar ƙawa. Saboda haka Babban Gwani ya taƙaita ga zurfafan layuka da ke bin bakuna daga tushe zuwa ƙoli, da manyan siffofi masu kusurwa uku da da'irori a jikin ginshiƙai. Haske kaɗan ne ke shiga ɗakin, inuwa ita ce launinsa. A ganinmu wannan taƙaitawa ita ce ƙarfin aikin. Wanda ya kwatanta shi da fuskokin gidajen attajiran Zariya na ƙarni na 20, waɗanda Kirk-Greene ya yi ɗan littafi a kansu a 1963, masu dagi da takubba har da kekuna da agoguna, zai ga bambancin mai magana a natse da mai ɗaga murya.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan muhimmanci ga abin da ya biyo baya. A Italiya magini daban, mai zane daban. Ana iya ɓamɓare firesko daga bango a kai shi wani wuri, kuma an sha yin haka. A Zariya magini shi ne mai zane, bakan da ke riƙe da rufi shi ne adon. Bugu da ƙari, dutse yakan yi haƙuri da sakaci na shekaru, ƙasa kuwa ba ta yi. Kafin kowace damina sai an hau rufi an duba tsaga, an gyara bakin indararo, an sabunta shafe. Don wannan aiki magina suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Duba yadda sana'o'i suke riƙe da juna: in marina ta mutu babu katsi, in majema ta tashi babu gashi. Ginin ƙasa yana tsaye ne muddin akwai hannun da ya san shi, da kasuwar da ke ciyar da hannun.

Juma'a biyu

Da tsakar daren Juma'a 26 ga Satumba 1997 girgizar ƙasa ta auka wa lardunan Umbiriya da Marke. Da gari ya waye aka ga tsaga a rufin majami'ar sama ta Asisi, sai ruhubanawa da ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi suka shiga dubawa. Suna ciki, gab da tsakar rana, girgiza ta biyu ta zo. Rufin ya rufta a wuri biyu, kusa da ƙofar shiga da kuma saman wurin da ake jagorantar ibada. Mutum 4 suka mutu, ruhubanawa biyu da ma'aikata biyu. Zanen Matta mai bishara na Cimabuwe da na Waliyyi Jerom suka zama gari da tsakuwa.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin masallacin Zariya ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata. Allah ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmad Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun kwana guda kafin nan an lura da tsaga a jikin ginin, ana cikin shirin kawo masana su duba abin ya faru. Daga baya masarauta ta kafa kwamiti, aka shiga neman gudummawar sake gina masallacin.

Kada mu yi saurin cewa su can sun iya, mu nan mun kasa. Binciken da aka yi a Asisi ya nuna cewa tarin ɓaraguzan da aka yi ƙarnoni ana zubawa a bayan rufin ya yi masa nauyi, wasu masana kuma suka ɗora laifi a kan gyaran shekarun 1950, lokacin da aka cire katakan rufi aka sa na kankare. Wato su ma siminti ya ruɗe su. A Zariya kuwa, a shekarun 1970 aka tayar da sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, harabar da Babban Gwani ya shata ta sauya kama. Waɗanda suka yi haka ba maƙiyan tarihi ba ne. Jama'a ta ƙaru, ɗakin ya yi kaɗan, kuma in aka kwatanta da Kano, inda aka kawar da tsohon masallacin ƙasa ɗungurungum aka gina sabo a tsakiyar ƙarni na 20, mutanen Zariya sun yi ƙoƙarin riƙe nasu. Masallaci ba gidan tarihi ba ne, wurin salla ne sau biyar a yini, kuma ran masallaci guda ya fi kowane bango daraja.

Inda bambanci ya fito fili shi ne abin da aka ɗauki ɓaraguzai. A Asisi ba a bari an kwashe su an zubar ba. Aka tattara su, masu aikin sa kai da ƙwararru suka zauna suna tankaɗe, aka tsince gutsattsarin zane kimanin 300,000, wasu ba su kai farce ba. Suna da hotunan kowane taƙi na rufin da aka ɗauka kafin ya faɗi, suna da cibiyar koyar da gyaran kayan tarihi da aka kafa a birnin Rum tun 1939, wadda ta yaye mutanen da suka san aikin. Aka buga hotunan daidai girman zanen, aka riƙa ɗora kowane gutsure a gurbinsa. An sake buɗe majami'ar a watan Nuwamba na 1999. Zanen Jerom ya koma wurinsa a 2002, na Matta a 2006, shi kam da giɓi mai yawa, kuma ba su cike giɓin da sabon zane don su ruɗi mai kallo ba. Hukumar UNESCO ta sa Asisi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Ginin ƙasa ba ya haɗuwa ta wannan hanya. Bakan da ya karye ya karye, ƙasarsa ta koma ƙasa. Abin da za a iya adanawa shi ne awo da sani. Ta fuskar awo mun yi sa'a, kuma bashin wani baƙo ne a kanmu. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya yi shekaru yana zagaya Nijeriya tare da matasan ma'aikatan hukumar kayan tarihi suna auna gine-ginen gargajiya suna zana fasalinsu, masallacin Zariya na cikin waɗanda ya fi ba muhimmanci. Ya rasu a 1982, aka buga aikin nasa cikin juzu'i uku a 1990. Shi ne kuma ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda maginan Hausa suka tayar da kwafin masallacin da ƙasa da azara, kusa da kwafin wani sashe na ganuwar Kano. Wurin yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, mai hedkwata a nan Abuja. Sai dai kwafin ma ƙasa ne, damunar Jos kuwa ta fi ta Zariya ruwa, don haka shi ma makuba da laso yake nema kamar na asalin.

Ta fuskar sani kuwa, wanda yake son ganin cewa zamanin gwanaye bai wuce tare da Babban Gwani ba, sai ya tsallaka iyaka zuwa jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A ƙauyen Yama wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina wa mutanen garinsu masallacin Juma'a a 1962, kowa na kawo abin da ya iya, mai ɗebo ruwa da mai buga tubali. A shekarun 1970 ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya ƙara hasumiyoyi huɗu waɗanda babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine a duniyar Musulmi. A wani garin na wannan jiha, Dandaji, jama'a sun fuskanci irin matsalar Zariya: tsohon masallacin ƙasa ya yi musu kaɗan, ya kuma fara lalacewa. Masu fasalin gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka tsara sabon masallaci mai faɗi a gefensa, da bulon jar ƙasar wurin da aka matse da inji. Tsohon kuwa aka gayyato maginan gargajiya suka gyara bakunansa da shafensa, aka zuba masa kantoci da littattafai ya zama ɗakin karatu na garin. An gama aikin a 2018.